Shari'ar Hangara da Fara

Wannan makon layi ya zo kanmu, mu na ɓangaren Makarfi, kuma mun san wasu za su yi dariya da sun ga kan maganar. An saba a zauren nan ana tattauna yadda ake gina tauraron labari, ko rikicin raba kalma da haɗe ta, ko kukan da ba ya ƙarewa na rashin masu sayen littafi. Mu kuwa ƙwari biyu muka kawo muku. A daure a karanta, in ya so a yanke mana hukunci daga baya.

Ga abin da ya jawo maganar. A zaman ƙungiyarmu na watan jiya an karanta gajerun labarai guda uku da suka shafi rayuwar karkara. Marubutan ba su haɗa baki ba, amma duk ukun akwai jimla ɗaya da ta maimaita kanta: ƙwari sun cinye gonar. Muka yi tafi, muka yaba salon, muka fara gyaran waƙafi da aya kamar yadda muka saba. Sai wani dattijo manomi, wanda ya rako jikansa wurin zaman, ya ɗaga hannu daga can baya ya ce da ɗaya daga cikin marubutan, "Yaro, waɗanne ƙwari?" Marubucin ya ce, "Ai ƙwari ne dai, Baba." Dattijon ya ce, "Tsutsa ce ta shiga kwanson waken, ko hangara ce ta ci furen, ko fara ce ta aske ganyen? Kowacce da watanta, kuma kowacce da irin kukan da mai gona yake yi." Ɗakin ya yi tsit. Mu kusan ashirin ne, yawancinmu 'ya'yan manoma, wasunmu da takardar difloma a aljihu, amma babu wanda ya iya ba shi amsa mai gamsarwa.

Tun daga ranar muka shiga bin diddigin biyu daga cikin waɗanda ya ambata, hangara da fara. Abin da muka tarar ya sa muke ganin an daɗe ana yi wa ɗaya daga cikinsu shari'a da rabin shaida, kuma mu masu alƙalami muna da hannu a ciki.

Mu fara da wadda ake tuhuma. Duk wanda ya tashi a Makarfi ko Ikara ko Hunkuyi ya san hangara, in bai san ta da ido ba ya san ta da fata. Doguwa ce, fuka-fukanta na sama ba su kai na buzuzu tauri ba. Akwai baƙa mai ratsin ja ko ruwan ɗorawa a gadon baya, wadda masana ke kira Mylabris, ita ce ake gani da rana tsaka a kan fure. Akwai kuma toka-toka mai zuwa wurin fitila da dare. Lokacinta ƙarshen damina ne, sa'ad da wake ya yi fure, kuɓewa ta buɗe, maiwa ta fid da kai. Furen take ci, kuma duk furen da ta ci an yi asarar kwanso guda.

Muna yara ana ce mana hangara fitsari take yi wa mutum. Ba fitsari ba ne. Idan aka matse ta ko aka tsorata ta, wani ruwa ne mai ɗorawa-ɗorawa yake tsattsafowa daga gaɓoɓin ƙafafunta, a cikinsa akwai guba mai suna kantaridin. Ba a jin zafinsa nan take. Sai bayan wasu sa'o'i, galibi da an wayi gari, a ga wuya ko damtse ya yi bororo kamar an zuba tafasasshen ruwa. Shi ya sa mai hankali ba ya marin hangara idan ta sauka a jikinsa, hure ta yake yi ko ya kakkaɓe ta da wani abu, in kuwa ta riga ta fashe sai a wanke wurin da sabulu ba tare da ɓata lokaci ba. Wani abin da ya ba mu dariya da muka karanta shi ne, namijin ne ke haɗa gubar da yawa, ya miƙa wa macen lokacin barbara, ita kuma ta shafa wa ƙwanta don kada wani ya ci. Wato lefen hangara guba ne, kuma amarya tana murna da shi.

Gubar nan ba ta wasa ba ce. A Amurka an san dawakai suna mutuwa idan injin yankan ciyawa ya murƙushe hangara ya ɗaure ta cikin dami, domin ko ƙwaron ya bushe gubar tana nan da ƙarfinta. Mu da muke ɗaure harawar wake muna jibge ta a kan rufi don doki da ragon layya, ya kamata wannan ya tsaya mana a rai, a riƙa kakkaɓe harawa kafin a ɗaure. A Turai kuma an yi zamanin da ake niƙa wata 'yar'uwarta ana sha da sunan maganin ƙarfin maza, ta lalata wa mutane ƙoda, ta kashe wasu. Duk da haka likitocin fata sun daɗe suna ɗiga gubar a kan wasu ƙuraje don su ɓare, har a shekarar 2023 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da wani maganin shafawa da aka haɗa da ita. Likita ne ke shafawa da hannunsa, don haka kada wani ya ce mun ba shi fatawar gwaji a gida.

To, wannan ce hangara kamar yadda muka san ta: mai ƙona fata, mai cin fure, kaza ma ba ta marmarinta. Ba mu taɓa jin wanda ya ce da ita sannu ba.

Fara kuwa 'yar gata ce. Tana da dangi da yawa, kuma Bahaushe ya raba musu sunaye: akwai babe, akwai farar tumfafiya mai ado wadda ba a ci, akwai farin dango masu rufe rana. Wadda muka ɗauka don wannan kwatance ita ce 'yar madaidaiciyar nan mai launin ƙasa ko kore-kore da masana ke kira Oedaleus senegalensis, wadda ta fi kowace fara addabar gero daga Senegal har Sudan. Tana bin ruwa arewa da farkon damina, in damina ta juya kuma iska ta koro ta kudu, ta sauka a kan amfanin da ya kusa nuna. Tana cin tsiron gero tun yana ɗan ganye biyu har manomi ya sake shuka, tana kuma dawowa ta ci ƙwayar tun tana madara. A ma'aunin asara, abin da fara ta yi wa ƙasar Hausa hangara ba ta yi kusa da shi ba. Alƙur'ani mai girma ma ya ambaci fara a Suratul A'araf cikin azabobin da aka saukar wa mutanen Fir'auna.

Amma dubi yadda muke da ita. Halal ce, hadisi ya haɗa ta da kifi. Ana kama ta da dare da tocila ko da sanyin asuba lokacin da ba ta iya tashi, a gurgura ta a ruwan zafi, a shanya, a soya da mai da yaji, a zuba a faranti a kai bakin kasuwa. Buhunanta na shigowa Kano daga Nijar da Borno da Yobe. Yaron da ya ga hangara ya ruga, shi ne zai bi fara cikin ciyawa har ya faɗi ya kurje gwiwa. Mun yafe wa fara domin tana shiga kasko, mun tsani hangara domin ta taɓa fatarmu, kuma a nan shari'ar ta tsaya ba wanda ya ɗaukaka ƙara.

Sauran shaidar tana ƙarƙashin ƙasa, kuma nan ne muke so a ɗan dakata.

Idan damina ta zo ƙarshe, macen fara tana neman ƙasa mai ɗan yashi, a gefen gona ko a saura, ta soka ƙarshen cikinta a ciki kamar mai dasa itace. Can ƙasa take zuba ƙwanta a dunƙule, ashirin ko fiye a rami guda, a jere kamar ƙwayar shinkafa, sannan ta toshe bakin ramin da wata kumfa da ke bushewa ta zama murfi. Uwar ta mutu, ƙwan ya kwana a ƙasa. Hunturu ya wuce a kansa, bazara ta gasa ƙasar, yana nan. Ruwan shuka na sauka sai ya ƙyanƙyashe, daidai lokacin da tsiro ke fitowa. 'Ya'yan suna fitowa da kamannin uwarsu sak, fiffike kawai ne babu, su yi saɓa wajen sau biyar su zama manya. Fara ba ta da ɓoyayyen tarihi. Yadda ka gan ta tana jaririya haka za ka gan ta ranar mutuwarta, baki ɗaya, sana'a ɗaya.

Ita ma hangara a ƙasa take zuba ƙwanta. Sai dai abin da ke fitowa daga ƙwan bai yi kama da ita ba ko kaɗan. Wata 'yar mitsitsiyar halitta ce mai dogayen ƙafafu shida da muƙamuƙi mai kaifi, mai saurin gudu, kuma ba ta cin ganye ba ta cin fure. Tun daga ranar farko farauta take yi. Tana zaga ƙasa tana leƙa tsaga-tsaga har ta gano ramin da fara ta binne ƙwanta, ta huda murfin kumfar ta shige. Daga nan gudu ya ƙare. Sai ta yi saɓa ta koma wata tsutsa mai ƙiba, ƙafafun su gajarce tunda ba inda za ta, ta zauna tana fasa ƙwan fara ɗaya bayan ɗaya tana shanyewa. Tsutsa guda tana iya gamawa da rami guda ko mafi yawansa. In ta ƙoshi ta nutsa ƙasa ta ƙame kamar matacciya har rani ya wuce, sannan ta sake rikiɗa, ta fito da ratsin ja a baya, ta haye kan furen wakenmu.

Ke nan duk hangarar irin wannan da ka gani a gona, kabarin wasu fari ce da ba su samu fitowa ba. Kafin ta ci maka fure ɗaya ta riga ta cinye bakunan da za su aske maka tsiro. Ba mu muka gano wannan ba. Wani masanin ƙwari a Amurka, Charles Valentine Riley, ya bayyana shi tun a shekarun 1870, lokacin da farin dangon ƙasarsu ke share gonakin yammacin ƙasar. Daga baya an tabbatar da haka ga ire-iren da muke da su a Afirka. Shi ya sa ake lura cewa shekarar da fara ta yi yawa, ta bayanta hangara ce ke yin yawa, domin 'ya'yanta sun samu abinci a wadace. Manomi yana ganin bala'i biyu a jere, alhali na biyun ɗan na farkon ne, kuma shi ya rage masa kaifi.

Akwai wani kwatancen da ba za mu iya wucewa ba, ko da zai ɗan kauce da mu. Hangara da farar tumfafiya duk masu ado ne, kuma adon nasu gargaɗi ne ga tsuntsu cewa a nan akwai ɗaci. Bambancin shi ne hangara a jikinta take haɗa gubarta, ita kuwa farar tumfafiya aro take yi, daga farin ruwan tumfafiyar da take ci take tara tata. Masu neman abin gina hali a labari, ga shi nan kyauta.

Yanzu sai wani ya ce, to mene ne ruwan marubuci da wannan, ai aikin malaman gona ne. Ruwanmu shi ne kalmar nan guda, ƙwari. Ita muke rubutawa, ita ake faɗa a rediyo, ita manomi ke ɗauka ya tafi da ita shagon maganin feshi. Ya ce ƙwari sun dame shi, mai shago ya miƙo kwalba ɗaya wadda ke kashe duk abin da ke motsi. A fesa da tsakar rana wake na cikin fure. Hangara ta mutu, to, amma zumar da ke zaga furen ita ma ta mutu, ƙoƙi-ƙoƙi da gizo-gizo masu kama tsutsa sun mutu, sauran masu farauta a ƙasa sun bi su. Waɗanda ake fesawa dominsu kuwa sun fi kowa saurin hayayyafa, su ne ke fara dawowa, su tarar da gona babu mai tsaro. Sai a ƙara awo, a gauraya kwalba biyu. Ba mu ma taɓo maganar yaron da ke goye da tankin feshi ba takalmi ba abin rufe hanci, ko farar da aka tsinta a gonar da aka fesa jiya ta ƙare a kaskon suya.

Mun ga inda wannan hanya take kaiwa. A 2016 tsutsar tumatir da manoma suka raɗa wa suna sharon ta share gonaki har gwamnatin Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir, kuma mu na yankin Ikara da Kudan da Makarfi ba labari aka ba mu ba. An yi ta feshi, tsutsar tana cikin ganye ta yi rami abinta, maganin bai kai gare ta yadda ake so ba. Shekara guda kafin nan, a 2015, Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a jikinsa, irin wanda ake zubawa a buhu lokacin ajiya. Waken da Bature ya ƙi, mu muka ci shi a ƙosai da alala.

Dubi kuma abin da sanin suna yake haifarwa. Bayan annobar fari ta 1986 zuwa 1989, wadda aka yi ta feshi da jiragen sama a ƙasashen Sahel, masana suka kafa wani shiri mai suna LUBILOSA, da hannun cibiyar IITA a ciki, aka yi gwaje-gwaje har a Nijar. Suka fito da magani daga wata irin funfuna da ke kama fara da danginta kaɗai, ta bar tsuntsu da zuma da su hangara. Ba ya kashewa nan take kamar guba, yana ɗaukar kwanaki, amma ya san wanda aka aike shi gare shi. Nan kusa da mu kuma, Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta fitar da irin wake mai suna SAMPEA 20-T a ƙarshen 2019, wanda aka tsara shi don ya jure wa tsutsar da ke huda fure da kwanso. Tsutsar kaɗai. Bai hana hangara cin fure ba, bai hana masu tsotsar kwanso ba. Marubucin da ya rubuta cewa an samu waken da ƙwari ba sa ci ya yi ƙarya ba da niyya ba, kuma manomin da ya gaskata shi ya daina leƙa gonarsa zai girbi kara. Kalma ɗaya da aka yi sakaci da ita ta isa ta jawo wannan.

Ba mu zo wanke hangara tas ba, don ba waliyyiya ba ce. Mun faɗa wa wani yayanmu manomi labarin tsutsar da ke cin ƙwan fara, ya saurara har ƙarshe, ya ce, "To na ji, ƙanina. Amma alherin da ta yi a ƙasa bara ba zai mayar mini da furen da take ci yau ba." Gaskiyarsa. Wanda ya ci bashin taki yana jiran wake ya biya ba zai tsaya yana yi wa hangara godiya ba. In ta yi yawa dole a rage ta. Abin da muke cewa shi ne akwai ragewar da ba ta ƙona gona duka. Hangara babba ce, ana ganinta, kuma da sassafe sanyi yana kama ta ba ta da kuzari. A ƙaramar gona ana iya sa leda a hannu a kakkaɓe ta cikin bokitin ruwan sabulu. In feshin ya zama dole, a yi shi da yamma lis bayan zuma ta koma gida, a kuma san sunan abin da ake fesawa dominsa. Ita fara kuwa, kaftun gefen gona da rani yana tone ƙwanta ya bar wa rana da zabi, ga shamuwa da balbela da ke bin ta in damina ta sauka, waɗanda ba a biyan su ko sisi.

Haka nan dangin hangara ba duka ke cin ƙwan fara ba. Akwai waɗanda 'ya'yansu ke maƙalewa a jikin wasu ƙudajen zuma masu rami a ƙasa, a kai su har gida su cinye ƙwai da guzurin masu gidan. Kuma ko masu cin ƙwan farar, ragewa suke yi, ba su isa su tare farin dango ba. Waɗancan a hamada suke hayayyafa, nesa da gonakinmu. Tun 1921 Boris Uvarov ya nuna cewa farin dango fara ce mai zaman kaɗaici wadda cunkoso ke sauya mata launi da hali ta zama runduna. Hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa rundunar da ta rufe murabba'in kilomita ɗaya tana cin abin da mutum 35,000 za su ci a yini. Irin su ne suka faɗa wa Nijar a 2004, suka haɗu da ƙarancin ruwa, aka shiga yunwar 2005 da ta yi tsanani a yankin Maraɗi. A gaban wannan, tsutsar hangara ba ta da ta cewa. Aikinta a gefen gonarmu yake, a kan farar gida, shekara bayan shekara, ba mai gani.

Abin da ke ba mu kunya shi ne magabatanmu ba haka suke ba. Babban tauraron tatsuniyar Hausa gizo ne, matarsa ƙoƙi, duk biyun ƙananan halittu ne da ake samu a bango da cikin ciyawa, kuma duk biyun mafarauta. Waɗanda suka ƙago tatsuniyoyin nan sun zauna sun kalli yadda gizo ke saƙa ya laɓe yana jira, shi ya sa wayonsa ya zauna daram a labari. Wanda ya buɗe ƙamus ɗin Bargery na 1934 zai ga sunayen ƙwari da ciyayi da tsuntsaye birjik, waɗanda aka tattaro daga bakin Hausawan wancan zamani, da yawansu yau in ka faɗa a zauren marubuta sai a ɗauka wani yare kake yi. Mu kuwa tauraronmu yana Dubai yana shan kofi, tauraruwar tana shaƙar furen da ba ya fitowa a ƙasarmu, in labari ya biyo ta ƙauye kuma sai a share gona guda da kalma ɗaya a wuce. Ba mu ce a daina rubuta Dubai ba, kowa da kasuwarsa. Amma wanda ya san sunan turare goma sha biyu bai san abin da ya ƙone masa wuya yana ɗan shekara bakwai ba, akwai gyara a lamarinsa.

A Faransa an yi wani malamin makaranta, Jean-Henri Fabre, wanda ya shafe shekaru yana kwanciya rub da ciki a fili yana kallon ƙwari, har maƙwabta suna ɗaukarsa taɓaɓɓe. Shi ne ya bi diddigin yadda 'ya'yan dangin hangara ke rikiɗa daga siffa zuwa siffa. Ya rubuta littafi mai juzu'i goma tsakanin 1879 da 1907, kuma har yau ana karanta shi a matsayin adabi, an fassara shi zuwa harsuna da yawa. Kayan aikinsa ido ne da haƙuri da fili mai ciyawa. Filin da ke bayan gidajenmu, daga fadamun rake na Makarfi zuwa gonakin barkono na Ikara, ya fi nasa yawan halittu nesa ba kusa ba, ga kuma tsofaffin da suka san sunayensu suna raye, ana gaisawa da su kullum a ƙofar masallaci.

Mu da ke ƙungiyar mun ɗaukar wa kanmu wani ɗan aiki. Idan an gama girbi ƙasa ta fara bushewa, za mu fita da fartanya gefen wata saura mu kankare saman ƙasa kamar zurfin yatsa, mu nemi dunƙulen ƙwan fara. Wanda aka samu cike a ƙirga, wanda aka samu fanko ko da tsutsa mai ƙiba kwance a ciki a ɗauki hotonsa. Muna roƙon 'yan'uwa na Katsina da Sakkwato da Damagaram da Gumel su tambayi tsofaffinsu sunayen ire-iren fara da na hangara a karin harshensu, da watan da kowacce ke fitowa, su ajiye mana a ƙarƙashin wannan rubutu, mu haɗa su wuri guda don amfanin kowa.

Shi kuwa marubucin da aka yi wa tambaya, ya dawo zaman da ya biyo baya da labarinsa a gyare. Inda a da ya ce ƙwari sun cinye gonar, yanzu ya rubuta cewa mai gonar ya iso da sassafe ya tarar da furen waken a zube a kunya rabi-rabi, hangara bibbiyu a kan kowane reshe, suna ganinsa suka tashi fir. Dattijon yana nan a kujerarsa ta baya. Ya gyaɗa kai ya ce, "Yanzu na ga gonar. Amma in da sassafe ne ba za su tashi ba, ɗana, raɓa ta jiƙa su. Goge wannan, ka sa ya koma gida ya ɗauko bokiti."